Yadda Na Nutse a Gonar Surukina

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na bi Baba Ayuba gonarsa a bayan Kafanchan ba. Dattijon coci ne, mahaifin Rifkatu da nake nema a lokacin, kuma bai riga ya ce ya ba ni ba.

Ina ajin ƙarshe a jami'a, ina bincike kan yadda tauraron ɗan'adam ke auna danshin ƙasa. Sigina yake aikowa daga sama ta bugi ƙasa ta koma, daga nan a gane ko wurin a jiƙe yake ko a bushe. Malamina ya sha ja mini kunne cewa inda ganye ya yi duhu, siginar ba ta isa ƙasa sosai, ganyen take gani, sai an gyara lissafin. Ni kuwa na tsallake gyaran (wuya gare shi, gaskiya).

Muna zagayawa, Baba ya nuna wani kwari da gwaza da ciyawa suka rufe, ya ce ya so ya sa citta a wurin baɗi, amma ruwa na kwanciya. Nan na ga damar burge suruki. Na zaro waya, na nuna masa taswirata, na ce kimiyya ta ce wurin busasshe ne ƙayau.

Ya dubi wayar, ya dube ni. "To, ɗana, shiga ka gani."

Na shiga da takalmin zuwa coci. Taku na uku na nutse har gwiwa. Na yunƙura, ɗaya ƙafar ma ta bi. Rifkatu da mamarta suna kan kunya suna cire ciyawa (kunyar gona nake nufi, tawa tana tafe), suka bar aiki suna kallo. Da ƙotar fartanya Baba ya jawo ni, takalmi ɗaya ya zauna can.

Bai yi dariya ba, wanda ya fi ciwo. Cewa kawai ya yi, "Wannan tauraro naka, ya taɓa zuwa nan da damina?"

Na koma makaranta na gyara lissafin, taswira ta nuna ruwa daidai inda na nutse. Baba ya ba ni Rifkatu, wai aƙalla ba na tsoron laka.

Yanzu duk abin da na'ura ta faɗa mini kan gona, sai na tambayi mai gonar tukuna. In an ce a gwada kuma, nakan bar wani ya fara shiga.