Gwanin Tantance Sa Hannu a Bikin Roni

Ba zan taɓa mantawa da wani ɗaurin aure da na halarta a Roni ba, domin a ranar ne na tsinka kaina da bakina, a gaban mutanen da nake neman auren 'yarsu.

Bari in fara da cutar da ke damuna a lokacin. Wasu samarin Kazaure tattabaru suke kiwo, wasu ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, ni kuwa sa hannun shahararrun mutane nake tarawa. 'Yan fim, mawaƙa, 'yan ƙwallo, har da wani ɗan dambe da bai iya rubutu ba, ya dangwala mini babban yatsa a bayan kalanda. Da na ji an ce wani sananne zai ratsa ta garinmu, sai in bar wa ɗalibaina aikin aji (a firamare nake koyarwa, Allah ya yafe mini) in hau babur in bi shi. Innata ta taɓa leƙa ɗakina, ta kalli bangon ta ce, "Wai duk wannan zane-zanen, na tsari ne ko na farin jini?"

Da tafiya ta yi tafiya sai na naɗa kaina alƙali. Na samo gilashin ƙara girman rubutu a wajen wani mai gyaran agogo, na riƙa yawo da shi a aljihu. In aka kawo mini hoto ko riga mai sa hannu, sai in ɗaga saitin rana, in shinshina tawadar, in lashi yatsa in goga, in daɗe ina kaɗa kai. Galibi "jabu ne" nake cewa, saboda na lura an fi ganin girman mutum idan ya kushe abu. Har suna aka laƙaba mini a majalisarmu, wai Gwani (ni da ko izu biyar ban haɗa ba), kuma ina amsawa.

Abin da na fi tinƙaho da shi shi ne sa hannun wani babban mawaƙin gargajiya, wanda zan sakaya sunansa na waƙa. Ya taɓa zuwa wasa Kazaure, na kutsa cikin turmutsitsi har jikin motarsa mai baƙin gilashi, na zura hotonsa ta 'yar kafar taga. Jim kaɗan aka miƙo mini shi da sa hannu na boko, mai lanƙwashe-lanƙwashe da doguwar wutsiya. Na haddace wutsiyar nan fiye da yadda na haddace lambar wayata.

Yarinyar da nake nema kuwa Zainab ce, 'yar Roni. Wata rana a wurin zance, ina tsaka da yi mata bayanin wutsiyar, ta ce, "Ai Baffana ma yana waƙa." Na ce, "Allah sarki, irin masu kiɗan suna ɗin nan ko?" Na ci gaba da bayanina.

To, ranar auren yayarta na ci ado na tafi, ina sane da cewa ranar ce iyayenta maza za su fara ƙare mini kallo. Na makara, don haka daga bayan taro na shafa fatiha, ban ga waɗanda ke gaba ba. Bayan an watse, yayanta Auwalu, wanda yake goyon bayana ƙwarai, ya ja ni rumfar da dattawa ke cin waina da miyar taushe. Na durƙusa na gaida mahaifinsu da sauran manya. A gefe akwai wani tsoho mai sanƙo da farin gemu, cikin koɗaɗɗiyar jallabiya, ya ɗora hularsa a gwiwa yana ta aikin waina. Shi gaisuwar jimla na yi masa.

Auwalu ya ce, "Baba, wannan ne malamin da nake ba ku labari. Ya san harkar sa hannun manya ciki da waje." Sai ya zaro hoton mawaƙin nan nawa, wanda yake ratayewa a shagonsa, ya miƙo mini yana ƙifta ido. Bawan Allah so yake in ce na gaske ne, a tafa mini, sannan ya gabatar da ni. Ni kuwa na ɗauka cewa yake, nuna musu kai waye.

Na fito da gilashi. Na ɗaga hoton saitin rana, na shinshina, na lashi yatsa na goga (a gaban surukai fa). Babu wutsiya, babu lanƙwasa, wani ɗan gajeren abu ne da ya taso daga dama ya nufi hagu, da ɗigo-ɗigo a samansa.

Na gyara murya na ce, "Yaya Auwalu, an cuce ka. Wannan ai kamar kaza ce ta yi tono. Wanda ya yi shi ko alƙalami bai iya riƙewa ba, ɗan damfara ne kawai."

Auwalu ya taka mini ƙafa. Na janye ƙafar na ba shi wuri, na ƙara da cewa, "Ni na san mutumin nan, hannu da hannu muka gaisa."

Tsohon nan mai sanƙo ya ajiye wainarsa ya ce, "Samari, ka ce kun gaisa?"

"Ƙwarai kuwa, Baba. Mutum ne mai baƙin gemu, ba ya rabuwa da tabarau. Ku na ƙauye ba lallai ku san shi ba." Na buɗe wayata na nuna masa hoton nawa sa hannun, har da ƙara masa girma don ya ga wutsiyar.

Ya duba, ya duba, sai ya tuntsire da dariya har yana tari. Ya ce, "Kai, ai hannun Tanko sanƙirana ne wannan! Shi ya ɗan taɓa boko, duk takardar da aka zuro ta taga shi nake miƙa wa. Ni allo na yi, da ajami nake rubuta sunana, kuma sai 'yan gida nake yi wa." Ya lalubi aljihu ya zaro baƙin tabarau ya saka, ya kafa hula, ya shafa gemu ya ce, "Baƙin gemun kuma rini ne, in zan zo gida ba na wahalar da kaina."

Wallahi shi ne. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na zabura zan durƙusa in ba da haƙuri, gilashina ya suɓuce ya faɗa cikin miyar taushe, ya fantsala wa liman a riga. Ina ta maimaita "Allah ya huci zuciyarka, Baba," dattawa kuwa har da masu share hawaye don dariya.

Mahaifin Zainab shi kaɗai bai yi dariya ba. Cikin sanyin murya ya ce, "Yayana ne, sunansa Sule, daga Gwiwa ya zo. Shi ya ba da auren yau, kuma duk mai neman 'yata wajensa zai je."

Ban san yadda na koma Kazaure ba. Na riga na sallama Zainab a raina, na kwanta ina baƙin ciki na gaske, don ina son ta. Da ta kira ni abu ɗaya ta ce: "Na gaya maka Baffana yana waƙa."

Duk da haka kawunnaina suka daure suka je Gwiwa neman aure, suna tafe suna yi mini faɗa. Baffa Sule ya saurare su ya ce ya ba ni, amma da sharaɗi: shi da kansa zai yi wasan bikin. Na yi ta murna, ina cewa dattijo ya yafe.

Ranar biki ya wasa amarya, ya wasa iyayenta, sannan ya juyo kaina. Baiti guda cur ya ware wa ango mai shinshinar tawada, wanda ya tsaya gaban mutum ya rantse ba shi ba ne. Tanko sanƙira yana ta ƙara gishiri, mata suna guɗa, ni kuma ina zaune cikin babbar riga ina murmushin dole. Kafin a gama cin amarci waƙar ta bazu a wayoyi. A kasuwar Babura na ji ta a shagon masu caji, ɗalibaina ma sun iya amshinta.

Darasin da na koya shi ne, kafin ka buɗe baki a rumfar surukai, ka fara tambayar sunan kowane tsoho da ke kan tabarma, musamman wanda ya fi kowa koɗaɗɗiyar riga. Zainab dai na same ta, alhamdu lillahi. Sai dai har yau in muka saɓa ba ta ɗaga mini murya. Waƙar kawai take kunnawa a wayarta, ta ci gaba da wanke-wankenta.