Kazar Ɗori

Wani ne a unguwar Barkin Sale da ke Minna, ya tafi Paiko ranar kasuwa sayen doya. A dawowa ya shiga irin motar nan da ake fara loda doya, sannan a cusa mutane a inda ya rage. Shi aka ba lungun baya, aka jibga masa doya har wuya.

Suna gab da shigowa Minna sai taya ta fashe. Fam! Mota ta yi rawa, ta ƙara rawa, ta gangara gonar wani ta kwanta a gefe kamar mai jin barci. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Direba ya fice ta taga, fasinjoji suka bi shi. Ana ta barka da arziki, sai ga murya daga ƙarƙashin doya:

"Jama'a, na mutu! A gaya wa Fadila na yafe mata!"

Aka tono shi. Ƙafar hagu ta kumbura suntum, har ba a bambance ta da kayan motar.

Cikin fasinjojin akwai wata nas, Sista Vivian. Ta durƙusa ta lallatsa ƙafar.

"Oga, kada ka motsa. Kamar targaɗe ne, amma sai an yi hoto. Ga 'yan rod sefti nan tafe, za su kai ka asibiti."

"Asibiti? Sista, ki ji tsoron Allah. Wani a layinmu da ƙafa biyu ya shiga asibiti, ya fito da ɗaya da sanda."

"Shi ma haɗari ya yi?"

"Ciwon suga ne. Amma ai ƙafa ƙafa ce."

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, a banza. Tuni gogan naka ya buga wa abokinsa Zikrullahi mai okada waya. Kafin jiniyar rod sefti ta iso, an ɗora shi a bayan babur, ƙafa a miƙe kamar bindiga, sun nufi gidan Baba Ndatsu mai ɗori a wani ƙauye bayan Paiko.

Shi kuwa Baba Ndatsu, ko ciwon kai ka kawo masa, karaya ce. Ya kama ƙafar ya murɗa. Gogan ya kwarara ihun da ya kori awakin gidan.

"Ka ji ko?" in ji Baba. "Karaya ce."

Ya shafa man kaɗanya, ya jera 'yan sanduna, ya ɗaure tamau. Sannan ya sa aka kamo wata jar kaza. Ƙas! Ya karya mata ƙafar hagu, ita ma ya jera mata tsinkaye ya ɗaure. Ya miƙa wa gogan.

"Ɗana, daga yau kai da kazar nan abu ɗaya ne. Ranar da ta taka, ka taka. Abin da ya same ta, ya same ka."

Gogan ya rungume kaza kamar jaririya. "Baba, in Allah ya yarda ba abin da zai same mu."

Suna isa gida ya ce wa matarsa, "Fadila, gyara gado."

Ta gyara, ta zo za ta kwantar da shi.

"Ba ni ba. Ita."

"Maigida, kaza a kan katifata?"

"Ke dai ba ki son in warke."

Haka aka yi. Kaza a gado cikin gidan sauro, fanka na kaɗa ta. Shi yana ƙasa a tabarma, sauro na walima da shi. In aka ɗauke wuta, Fadila ce da mafici, kuma ba mijin take yi wa fifita ba.

'Yan dubiya suka fara zuwa.

"Sannu, ya jiki?"

"Da sauƙi, Alhamdulillahi. Yau ta ci dawa sosai, har ta yi kashi."

"Wa?"

"Ga ta can. Ku fara gaishe ta, ita ce babba."

Kankana, ayaba, madara, duk abin da aka kawo sai kaza ta ƙoshi kafin ya taɓa. Kaza ta yi ɓul-ɓul, wuya ya ɓace. Shi ya koma kamar sandar rake. Kumburin ƙafarsa ya daɗe da sacewa, amma ko yatsa ya ƙi motsawa, tunda ita ba ta taka ba. Ita kuwa me zai sa ta taka? Ana kawo mata komai har gado.

Wata rana zakaran maƙwabta ya leƙo ɗakin. Gogan ya jefe shi da takalmi.

"Fita, ɗan iska! Ba ka ga muna jinya ba?"

Zikrullahi ya zo, ya dube shi, ya dubi kaza. "Mutumina, wannan kazar ta fi ka wayo. Ta samu aikin gwamnati."

"Ciwo ne yake hana ta takawa."

"To ka gwada takawa kai mana."

"In riga ta? Ka ji Baba ya ce haka?"

Da abin ya ishe shi, sai ya tuna da ƙwayoyin da mai kemis ya ba shi, masu kashe ciwo su kuma sa barci. Shi bai taɓa sha ba. Ya ce ai gara a ba mai ciwon na asali. Ya daka, ya kwaɓa da ruwa, ya ɗura wa kaza. Ya sa Fadila ta ajiye ta a tsakar gida ta sha hantsi, ko ta ga 'yan'uwanta na yawo ta ji kunya. Fadila ta tafi kai niƙa. Shi kuma barci ya kwashe shi.

Gidan haya ne, kuma ranar nan maƙwabciyarsu Maman Purity ta dawo daga garinsu a kudancin Kaduna, inda ta daɗe. A bakin ƙofa aka gaya mata haɗarin maigidan Fadila, amma ba wanda ya gaya mata zancen kaza.

Ƙamshi ne ya tashe shi. Ya buɗe ido, ga Maman Purity da kwano, farfesu na tururi.

"Oga, sannu fa! Yanzu na ji labari. Tashi ka sha, ka rame."

Mutumin da ya daɗe yana cin ragowar abincin kaza, ya ga nama zuƙu-zuƙu cikin romo. Ko tambaya bai yi ba. Ya ci ƙirji, ya ci fiffike, ya kama cinya, gumi na zuba.

"Maman Purity, Allah ya yi miki albarka! Wannan kaza ta sha kiwo. Duk wanda ya kiwata ta ya san aikinsa."

"Ai na ku ne, Oga."

Ya tsaya da ƙashi a baki. "Namu?"

"Na same shi a tsakar gida, ido ya rufe, wuya ya lankwashe, ya kusa mutu. Na ce kai, kada ya zama mushe a yi asara. Na ruga wurin mai nama a bakin layi, ya yanka da bismilla, saboda na san ku. Wani mugu ma ya daure masa tsinke a kafa. Na kwance."

Gogan ya zare ƙashin daga bakinsa a hankali. Ya juya shi. Ya shafa wuyansa.

Daidai nan Fadila ta shigo da niƙa a kai.

"Fadila, zo duba wuyana. Jini na fita?"

"Wane jini?"

"An yanka mu."

Ya juya ya fuskanci gabas, ya fara kalmar shahada. Maman Purity ta ɗora hannu a ka tana "Yesu! Yesu!" ba ta san laifinta ba. Fadila ta rasa abin yi, ta ce bari ta kawo ruwan zafi ta gasa masa ƙafar ko hankalinsa ya dawo. Yana ganin baho na tururi ya ƙwalla ƙara:

"Jama'a, ku cece ni! An gama yanka, za a fige!"

Maƙwabta suka cika ɗakin. Wata ta shigo da albasa a hannu, girki take, ihu ya taso ta. Yana ganin albasar ya sume.

Aka kira Zikrullahi. Aka tattara ƙasusuwa a leda, aka ɗora gogan a babur, sai gidan Baba Ndatsu.

Baba ya zazzage ledar a tabarma, ya tona ƙasusuwan da yatsa, ya girgiza kai. "Wannan ta wuce ɗori. Wa ya cinye ta?"

"Ni ne, Baba. Ban san mu ba ne."

"To, ba a taɓa kawo min irin wannan ba. Amma da gyara. Za a sake maka wata kaza."

Gogan ya yi ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi!"

"Sai dai ita karayarta sabuwa ce, taka tsohuwa. Ba za ku tashi tare ba. Dole a daidaita." Baba ya waiga cikin gida. "Kai! A turo min ƙattin nan biyu su danne shi. A haɗo da taɓarya."

Abin da Zikrullahi ya gani kawai shi ne ƙura. Sandunan ɗori a warwatse, takalmi ɗaya a ƙofar gida. Gogan ya tsallake katanga, ya tsallake kunyoyin doya, ya wuce wani kare da ya fara binsa ya haƙura.

Baba Ndatsu ya gyara hula ya dubi jama'a. "Kun ga aikina ko?"

Zikrullahi ya tayar da babur ya bi shi. Sai da ya ƙure giyar babur kafin ya jera da shi a kan titin Minna.

"Mutumina, tsaya! Ka warke! Dubi yadda kake gudu!"

Gogan ko waiwaye bai yi ba.

"Wa ya ce maka ni ke gudun? Kazar ce a cikina ta ji muryar Baba!"