Rasuwar Katakon Darar Gindin Bedi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da jama'ar Batsari da 'yan'uwa na ƙasar Safana rasuwar katakon dararmu, wanda ya cika ranar Laraba a gindin bedin bayan tasha.

Marigayin ɗan Tsaskiya ne, da icen maɗaci aka sassaƙa shi. Ran da muka yi gudun hijira na bar turmi da garma, shi na ɗauko a ka. Ba a taɓa caca a kansa ba. Maganarsa ɗaya ce, "ƙwas, ƙwas", kuma da an kira salla yake yin shiru, abin da ya gagari wasu masu gemu.

Ciwon ajalinsa ya faro ne ranar da ƙanena Sammani ya tashi muna tsakiyar wasa, ya tafi Babban Duhu ya dubo geronsa, da alkawarin zai dawo ya buga. Bai dawo ba. Babu gawa, babu waya. A gidanmu ba a kwashe dara mai hannu bai nan, don haka na kifa wa katakon kwando, na hana kowa ɗaga shi.

Nan 'yan majalisa suka zama masu fassara, suna leƙe ta ramukan kwandon. Badaru tela ya ce tsakuwar Sammani da ƙwallayen aduwata suka kewaye tana nufin yana hannun mutanen daji. Yero mai shayi ya ce ƙarya ne, ga gurbi guda a buɗe ta gabas, ta nan zai fito. Na gaya musu duba haramun ne, katako bai san gaibu ba. Amma Zuwairatu, matar Sammani, kullum sai ta zo da goyo ta tsaya daga nesa, ta tambaye ni ko gurbin yana nan a buɗe. Nakan ce mata yana nan.

Abin da aka bari a ƙasa damina guda, gara ta gaje shi. Ta cinye shi ta ciki, samansa lafiya lau. Ranar Laraba na ɗaga kwandon, sai ya rufta, 'ya'yan suka zube wuri guda.

Ya rasu ya bar tsakuwa da ƙwallayen aduwa, da tsofaffi marasa gona da ba su da wurin zuwa da hantsi, da mace guda wadda ban san abin da zan gaya mata ba.

Babu wanka, babu likkafani, kuma kada wani ya zo mini zaman makoki don neman koko. Za a kai abin da gara ta rage murhun Zuwairatu, ya dafa wa yaran Sammani tuwo. Bayan la'asar zan tona gurabe a ƙasa a inda ya kwanta, in mayar da kowane ɗa mazauninsa, don na haddace su.

Duk wanda ya ga Sammani, ko ya san wanda ya gan shi, ya gaya masa har yanzu hannunsa ne.