Rigar Bashiru Ba Ta Datti

A shekarun saba'in ni ke wanke rigunan ƙungiyar ƙwallonmu ta unguwar Hindawiyya, don haka na ɗauka babu wanda ya kai ni sanin 'yan wasa. Ma'aunina ɗaya ne: datti. Wanda rigarsa ta cinye mini sabulu, shi ya yi aiki.

Rigar Bashiru, mai tsaron bayanmu, kullum fes take dawowa. Bai taɓa cin ƙwallo ba, ban taɓa ganin ya faɗi ba.

Ana gobe za mu kara da 'yan tashar jirgin ruwa, kuma wanda ya ci shi zai riƙe filin unguwa duk Juma'a, na miƙe na gyara murya. "Halas, magana ta ƙare, a cire Bashiru. Yawo kawai yake yi. Ku tambayi bahon wankina."

Aka yarda, don na fi kowa ɗaga murya. Na sa Sani, wanda wandonsa ke zuwa kamar an tsamo shi daga kwata.

Sani ya sha birgima, amma duk inda ya faɗi, ƙwallo ta riga ta wuce. Ashe Bashiru ba ya faɗuwa ne saboda ƙwallo tana tarar da shi a tsaye yana jiranta. Bashiru yana gefe da kofin shayi, ya ce mini, "Yaya, yau kam sabulunka zai yi aiki."

Muka rasa filin.

Har yau in jikokina suka shigo butu-butu da ƙasa, sai Bashiru ya nuna su da sandarsa. "Yaya, ga gwanaye sun iso. Yalla, maza sa su a baya."