Rasuwar Ɗan Aike, Mai Jin Kalma Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido da ya ƙi bushewa, nake sanar da abokan aiki rasuwar Ɗan Aike, ƙaramin shirin kwamfutar da na rubuta da hannuna a shagonmu na ɗaukar hoto.

Marigayin mai biyayya ne. A baƙin allon kwamfuta ake kiran sunansa, a bi shi da kalma biyu: ta farko inda zai ɗebo hotuna, ta biyu inda zai zuba su. Saboda tsafta, sai ya share wuri na biyun tas kafin ya zuba. Bai taɓa tambayar kowa ko ya tabbata ba, don shi ba mai raina manya ba ne. Maganarsa ɗaya ce a duniya: "An gama."

Wace kalma ce gaba, wace ce baya, ni kaɗai ya gaya wa, ni kuma ba a san ni da tsegumi ba. Shi ya sa ko mura na yi sai Oga ya bugo waya yana tambayar jiki.

Ajali ya zo ranar da na kai mai ɗakina asibiti. Ƙanen Hajiya matar Oga, wanda ya iya komai tun a ciki, ya ce wannan ai wasan yara ne, ya sa ta biyu a gaba. Marigayin bai yi musu ba. Ya share katin kyamara mai ɗauke da hotunan ɗaliban da suka gama makaranta, aji guda, ya cika shi da tsofaffin hotunan fasfo, sannan ya ce, "An gama." Gaskiya ya faɗa, Allah Ya jiƙan maza.

Da yake laifi tudu ne, ƙanen Hajiya ya taka nasa ya hango na mamacin. Har an kawo magajinsa, wani shiri mara kunya da ke yi wa kowa bayanin kansa, ko mai shara ya tambaya.

Ya rasu ya bar shugabar makaranta tana zarya, da Oga da ya daina amsa gaisuwata, da ni, marayansa.

Za a goge shi ranar Litinin da hantsi, ƙanen Hajiya ne zai danna. Masu ta'aziyya su same ni a teburina na kusa da firinta kafin ƙarshen wata. Bayan nan, Oga ya ce a same ni a gida.