Yadda Aka Warkar da Idon Inna a Cikin Waya

Jiya na yi asarar gurbina a layin mai, gurbin da na yi kwana biyu ina gadi, saboda wani jan ɗigo da bai kai kan ashana ba. Ku gyara zama in ba ku labari, don in na bar shi a cikina sai ya zame mini ciwo.

Mahaifiyata, Inna, shekara uku ke nan yanar ido ta rufe mata gani. Haske da duhu kawai take bambancewa. Jikokinta da murya take gane su, ƙaramar cikinsu kuwa, 'yata ta goye, ba ta taɓa ganin fuskarta ba. Kwatsam sai Mai Girma Sarkin Ƙaddamarwa, Allah ya ƙara masa almakashi da jan ƙyalle, ya sanar cewa likitoci za su zo su cire wa mutum ɗari biyar yanar ido kyauta. Sharaɗi ɗaya ne, a yi rijista ta manhaja a wayar shafawa kafin ƙarfe huɗun jiya. Ba takarda, ba layi, ba alfarma. Muka ce madalla, ci gaba ya iso.

Ni fa na san wayar nan tun tana baƙuwa. Ran da ta fara shigowa unguwarmu, a aljihun surukin Tela ta zo. Muka cika shagon Telan maƙil, kuma sai mutum ya wanke hannu ya goge a riga kafin a bar shi ya taɓa. Mai wayar ya sa yatsu biyu a kan hoton wata akuya ya buɗa, akuya ta kumbura ta cika gilashi. Maƙwabcina Mai Faci ya yi salati ya ja da baya. A ranar na ce a raina, in manyanmu suka gano akwai abin da ke ƙara wa abu girma ba tare da gumi ba, mun shiga uku. Ai kuwa haka aka yi. Tun daga lokacin a waya ake haƙa mana rijiya, a waya ake shimfiɗa mana titi. A tsaya gaban bulo huɗu a ɗau hoto, a buɗa da yatsu, shi ke nan an gina asibiti.

Inna ba ta taɓa shiri da ita ba. Tsohuwar wayarta mai madannai, wadda muka ɗaure da roba, da babban yatsa take karanta ta. Akwai ɗan tudu a kan lamba biyar, daga nan take lalube ta kira 'ya'yanta shida, ta yi wa kowa faɗan da ya dace da shi, ba ta taɓa ɓatan lamba ba. Da na miƙa mata tawa ta shafa, cewa ta yi, "Wannan ai faranti ne. Ta ina ake kama ta?"

To jiya da hantsi na bar babur a layi, na ce minti goma in dawo. Na cike suna, na cike shekaru, na ɗau hotonta. Sai mataki na ƙarshe ya fito: majiyyaci ya kalli gilashi, ya bi jan ɗigo da ido, don a tabbatar yana raye.

Na ce, "Inna, kalli nan, ki bi ɗigon da ido."

"Wane ɗigo?"

"Ga shi nan ja, yana yawo."

"Kai ɗan nan, da ina ganin ɗigo, uban me zan je yi wurin likita?"

Mai Faci ya leƙo da dabara. Ya tsaya a bayana yana ihu, "Dama, Inna! Hagu! Sama!" Ita kuma tana juya kai gaba ɗaya, waya ta ce a daina motsa kai. Tela ya ce in sa nawa idon mana. Na sa, nan take ta ce wannan fuska mai gemu ba ta majiyyaciya ba ce. Ku ji basira! Tana gane gemu, amma ba ta gane cewa marar gani ba ya gani.

Na riƙo hannun Inna muka tafi ofishin da aka ba aikin. A bakin ƙofa benci biyu cike da tsofaffi da sandunansu, kowanne da ɗansa a gaba ya ɗaga masa waya, ba ka jin komai sai dama, hagu, sama. Ma'aikacin ciki yana shafa tasa wayar, ko kai bai ɗago ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga majiyyaciyar a gabanka da ranta. Yanzu ma ta gama yi mini faɗa."

"Malam, ni na gan ta. Na'ura ce ba ta gan ta ba."

"To a rubuta sunanta a takarda mana."

"Tun ranar ƙaddamarwa aka kwashe mana biro. Mun wuce wannan zamanin."

Muna nan ƙarfe huɗu ta buga, manhaja ta rufe. A hanyar gida Inna ta riƙe gefen rigata tana cewa, "Bari ɓata rai, ka yi iya yinka." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin kunya da takaici irin na jiya ba. Da na koma gidan mai, an ture babur ɗina gefe.

Yau da safe Mai Faci ya shigo da waya a hannu, ya ce, "Maƙwabci, zo ka ji albishir." Mai Girma ne ke jawabi. Wai cikin gurbi ɗari biyar mutum tara kacal suka yi rijista, wanda ya nuna ciwon ido ya kusa zama tarihi, albarkacin ƙoƙarinsa. Don haka an ce wa likitoci kada su wahalar da kansu. Aka yi ta tafa masa.

Inna na zaune a tabarma, ƙaramar jikarta a cinya, tana bin fuskarta da yatsa.

"Me yake cewa?"

Na ce, "Wai kin warke, Inna."

Ta kai yatsanta kan hancin yarinyar. Sannan ta ce, "To ka yi masa godiya. Ka kuma tambayar mini shi, tunda shi ya ga warkewata, yarinyar nan wa ta ɗauko, kai ko uwarta?"

Na buɗe manhajar in aika masa tambayar. An ce sai mai ƙorafin ta bi jan ɗigo da ido.