Turmin Teta da Ƙofar Firij

"...lafiya ƙalau na kwana, Dakta, sai dai ganinki da ya ɓata mini safiya."

"Safiya? La'asar ta kusa, Basha. Ko da yake mai matsar rake ba ya sanin lokaci sai ƙudaje sun gaya masa."

A kan matakalar benen kakarsu Teta Ni'imat suka haɗu, a birnin Mansura, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mahrus ɗan ɗanta ne, Nagwa kuwa 'yar 'yarta. Taubasai ke nan, kuma tun suna rarrafe ba su taɓa haɗuwa suka rabu lafiya ba. Shi yana da shagon ruwan rake a bakin kasuwa, da tumbin da kan riga shi shiga ɗaki, ya gaisa da kowa, kafin shi ya iso. Ita tana sayar da magani a kemis, shi ya sa unguwa ke ce mata Dakta, ita ma ba ta taɓa ɓata bakinta ta musa ba. Shi kuwa Basha take ce masa, wato babban mutum, don tsokana.

Abin da ya kawo su ba na wasa ba ne. Wagdi, autan Teta, yana aiki a Kuwait, matarsa ta haifi mace, yau ake bikin bakwai. Duk jikan da aka haifa a gidan nan, Teta ce ke buga masa turmin tagulla a kusa da kunne, tana gaya masa wanda zai bi da wanda zai saɓa wa. Ba a taɓa tsallake ko ɗaya ba. Wannan ce ta farko da aka haifa a nesa, kuma tun da aka yi haihuwar Teta ke tsakurar abinci, tana cewa yarinyar da ba ta ji turminta ba za ta tashi matsoraciya, ba ta ma san tana da kaka ba. Shi ne aka shirya za a buga mata ta kiran bidiyo.

Nagwa ta dubi abin da Mahrus ya maƙale a hammata, a naɗe cikin jarida.

"Mene ne wannan? Ƙofar firij ka ciro?"

"Tab ce, 'yar Gwaggo. Kwamfutar hannu. Na san a kemis ba a koya muku."

"Wa ya aike ka? Tun makon jiya na kawo wa Teta ta gaske. Ƙaramar nan da duniya ke bin layi a kanta, siririya kamar takardar gayyata."

"Wadda kuɗinta zai aurar da rabin unguwar nan? Tawa canjin aljihu na ba da, mai shagon ya ƙara mini da caja da addu'a."

"Addu'ar ce garantin."

"Kuma ta fi naki karɓuwa."

"Wane kamfani ne ma?"

"Sunan yana baya."

Nagwa ta ɗaga jaridar ta leƙa. "Wannan sunan ko masu kamfanin ba su iya karanta shi ba."

"Suna za a kira da ita ko Kuwait? Tana da rediyo, tana da tocila, tana cin sim biyu. Taki me take da shi ban da girman kai?"

"Tana soya ƙwai, taka?"

"In ta daɗe a kunne, tana soyawa."

Haka suka hau suna yi, har suka tura ƙofa. Falon Teta ya sha shiri kamar jaririyar na ɗaki na gaba: kyandira a kunne, kwanon gishiri, tulin gugguru da alewa, ga tukunyar mugat, abin shan masu jego, tana ƙamshin man shanu. A tsakiyar tebur ga turmin tagulla, an goge shi har mutum na iya aske gemu a jikinsa.

"Ga shaiɗanuna nan," in ji Teta, ta miƙa musu hannu suka sumbata. "Tun daga ƙasa nake jin bakinku."

"Teta, ina abin da na kawo miki?" Nagwa ta tambaya tana waige-waige.

Teta ta nuna da haɓa. Can cikin nish, kabad ɗin gilashin da ake jera tangaram na aure, wanda ba wanda ya taɓa shan ruwa da kofinsa tun ranar da aka kawo Teta gidan miji, ga 'yar tab ɗin Nagwa a zaune kan ƙyalle mai surfani, tsakanin butar shayi da kofuna masu bakin zinariya. Ko ledarta ba a ɓare ba.

Mahrus ya yi dariyar da ta tashi tattabarun maƙwabta daga kan rufi.

"Teta!" in ji Nagwa. "Na ce ki riƙa taɓawa kina koyo!"

"Abu mai kyau haka, 'yata? Da hannun albasa? Na ajiye wa baƙi."

"Ta samu aikin da ya dace da ita," in ji Mahrus yana share hawaye. "Dakta, ki yi mata bankwana. Abin da ya shiga nish ba ya fitowa sai ranar rabon gado."

"Rufe baki," in ji Nagwa, "kai ko a bakin ƙofar nish ba za a ajiye ka ba."

Da lallashi da rantsuwa Nagwa ta karɓi makulli daga igiyar wuyan Teta. Ta jingina 'yar tab ɗin da kwanon alewa, ta shafa sau ɗaya, sai ga Kuwait a falo.

Nan fa Mahrus ya haɗiye dariyarsa. Gaskiya abin ya yi kyau. Ga Wagdi kamar ka miƙa hannu ka ja gashin bakinsa. Ga mata sun kewaye, ga jaririya Sundus kwance cikin rariyar da aka yi wa ado da ƙyallaye, har gashin idonta ana iya gani ɗaya bayan ɗaya. Teta ta dafe ƙirji. Ta kai baki za ta sumbaci gilashin, ta tuna tsadarsa, ta sumbaci iska.

"Hancin kakanta ne," ta ce. "Wallahi hancin marigayi ne."

A hankali Mahrus ya tura tasa bayan matashin kujera, ya zauna a gabanta.

"Basha, ina ƙofar firij?" Nagwa ta yi masa raɗa. "Fito da ita mana ta ga yadda manya ke aiki."

"Tana hutawa."

"Ta gaji da me?"

"Da jin muryarki."

"Mama, mun shirya," in ji Wagdi daga can. "Ki fara, don anjima zan koma wurin aiki."

Teta ta gyara mayafi, ta yi bisimilla, ta ɗaga 'yar taɓaryar tagulla ta sauke. Ƙarar da ta tashi sai da kofunan nish suka amsa. Ta sake. Mai gyaran takalmi na ƙasan bene ya rantse daga baya cewa ƙusoshinsa sun yi tsalle daga gwangwani. Teta ta ci gaba da bugu, gumi na tsatstsafo mata.

A Kuwait kuwa kowa ya zuba ido yana murmushi. Jaririya ta yi hamma.

"Mama, fara mana," in ji Wagdi.

"Me nake yi tun ɗazu, ɗan nan? Tuwo nake tuƙawa?"

"Muna ganin hannunki yana hawa yana sauka, amma ba mu jin komai. Muryarki dai tana zuwa tas."

Teta ta sake bugawa da ƙarfin da ya girgiza kyandira. Wagdi ya girgiza kai.

Nagwa ta yi tari. "Ai... ai wayo gare ta. Tana tace hayaniya ne, don murya ta fita da kyau."

"Hayaniya?" Teta ta juyo gaba ɗaya. "Turmin da ya buɗe kunnen uwarki shi ne hayaniya?"

"Ba ni na ce ba, Teta, ita ce. Bari in kashe abin, yanzun nan."

"Allahu akbar," in ji Mahrus. "An sayo mai ilimi, ta zo tana yi wa Teta gyara a gidanta."

"Ka yi mini shiru in duba!"

Ta shafa nan, ta shafa can. Ta buɗe wani wuri ya kai ta wani wuri. Kiran ya yanke, ta sake kira, aka sake bugu, shiru. Kyandira suka ci rabi. Matan Kuwait suka fara hira a tsakaninsu, Wagdi yana satar kallon agogo, idon Sundus yana lumshewa.

Sai Teta ta ajiye taɓaryar a hankali, ta naɗe hannuwa a cinya.

"Bar shi, 'yata. Ku ce wa wata a can ta buga mata. Na dai gan ta, alhamdulillahi."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi damun Mahrus. Tun da yake bai taɓa ganin Teta ta ajiye taɓarya ba a gama ba. Ya miƙa hannu bayan matashi ya jawo tasa, ya yaye jaridar.

"Matsa, Dakta."

"Mahrus, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ke wasa? Wannan ba ta yi makaranta mai zurfi ba, kamar ni. Abin da ta ji shi take faɗa."

Ya danna. Ta yi tunani. Ta yi wani kiɗa mai kama da na motar masu sayar da gas, ta sake tunani, sannan ta farka. Da kiran ya shiga, hoton ya fito dishi-dishi a kumbure, Nagwa ta toshe baki.

"Innalillahi. Wane ne wannan?"

"Baffa Wagdi ne."

"Kawuna ba kankana ba ne mai gashin baki! Ina jaririyar?"

"Ga ta can."

"Wannan dankali ne a faranti."

"Dankalin yana da kunne, ai shi muke nema. Teta, bisimilla."

Teta ta dubi abin sama da ƙasa. Ba ta ga wani abin tsoro a jikinsa ba. Ta fizge shi da hannu ɗaya kamar murfin tukunya, ta jingina shi da turmin kansa, ta ɗebi gishiri ta watsa a falo, rabi ya sauka a kan gilashin. Sannan ta ɗaga taɓarya.

Bugu ɗaya. Dankalin da ke Kuwait ya zabura, ya buɗe baki, ya tsala ihun da ya dawo Mansura ya cika falo. Mata suka ɗauki guɗa. Kankana mai gashin baki ya toshe kunnuwa.

"Mama, a hankali! Muna da maƙwabta!"

"Su ma su ji!" Teta ta miƙe tsaye, ta manta da ciwon gwiwa. Bugu. "Sundus, ki ji maganar uwarki!" Bugu. "Ki ji maganar kakarki Ni'imat, ni ce nan!" Bugu. "Ki ji maganar ubanki, amma in ya ce ba zai kawo ki Mansura da sallah ba, kada ki ji!"

"Kada ki ji maganar Nagwa!" Mahrus ya cusa kai ya yi ihu. "Duk abin da ya same ki allura za ta ce!"

"Kada ki sha raken Mahrus!" Nagwa ta ture shi. "Rabi ruwa ne, rabi ƙuda!"

"Ku matsa mini, marasa kunya!" Teta na dariya ta kai bugu na ƙarshe. Taɓaryar ta goce ta sami kusurwar tab ɗin, gilashin ya tsage kamar saƙar gizo. Kowa ya tsaya. Abin ya ci gaba da aikinsa, Sundus na ta tsala kuka ta cikin tsagar.

"Ado ne," in ji Mahrus. "Dama ta yi fili da yawa."

Nagwa ta dubi tata, ta jawo ta nesa da tebur da hannu biyu.

Da aka yi sallama da Kuwait, Teta ta zuba wa kanta mugat cike da kwano ta shanye, ta ƙara. Sannan ta ɗauki 'yar siririyar Nagwa, ta goge ta da gefen mayafi, ta mayar da ita tsakanin butar shayi da kofuna, ta kulle, ta jefa makulli cikin riga.

"Teta!"

"Ta yi ƙoƙari, ta nuna mini hancin marigayi. Ta huta." Ta maƙale ta Mahrus a hammata ta nufi kicin. "Wannan kuma nan za ta zauna kusa da murhu. Gobe zan nuna wa matar Wagdi yadda ake kaɗa miyar lalo."

Mahrus ya miƙe. "Teta, aro na kawo! Ta shago ce, a kanta masu shan rake za su riƙa kallon ƙwallo!"

"Su kalli tumbinka," in ji Teta daga kicin. "Shi ma zagayayye ne."

Nagwa ta faɗi kan kujera tana dariya har da buga ƙafa. Da ta samu numfashi, ta ɗauki kwanon mugat ɗinta, wanda ta tsame wa gyaɗa mafi yawa, ta miƙa masa.

"Ungo, ɗan Kawu. Na sallama. Tawa ta fi kyau, taka ta fi baki. Kowace ta biyo mai ita."

Mahrus ya karɓa, ya kurɓa, ya kara hannu a kunne.

"Me kika ce? Maimaita na farkon. Kunnena yana tace hayaniya."

Ta cika hannu da gugguru ta cusa masa a baki.